Farin Ɗigo a Hoton Takwara

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya sa na karanta gwajin ido, amsar a bakina take, ba na ko tsayawa tunani. Ba jini, ba kwanan asibiti, ba mai buga mini waya ina tsakiyar barci. Mutum ya shigo yana ƙanƙance ido, ya zauna a kujera, in riƙa sauya masa gilashi ina tambayarsa, "Wannan ko wancan?" Can sai ka ga fuskarsa ta washe, ya karanta layin ƙasa tsaf, ya tashi yana sa mini albarka kamar na ba shi sabon ido. Yamma ta yi in rataye farar rigata a bayan ƙofa, in jefa 'yar fitilar duba ido cikin aljihun tebur, in kulle shago. Abin da na fi tinƙaho da shi ke nan, aikina ba ya bi na gida.

'Yan ajinmu da suka tafi ɓangaren tiyata suna kirana likitar tabarau. Nakan ce na ji, a kira ni haka, ni dai ina samun barci, su kuwa a dubi ƙasan idanunsu. Har gidanmu sunan ya bi ni. In Mama za ta gabatar da ni ga baƙi sai ta ce, "Ga 'yata likita," ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙara da, "ta tabarau," kamar mai ba da haƙuri.

Ƙanena mai hoto ne. Shagonsa yana ƙarshen layin da nawa yake, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. In ka shiga, ga zanen bango na wani ruwa mai gangarowa daga dutse, ga kujerar roba da ya shafa wa ruwan gwal, ga fitilu biyu masu lema. Sarkin iyayi ne a kan aikinsa. Ba wanda yake fita daga shagon nan da ƙurji a goshi ko haƙori rawaya, duk sai ya bi su a kwamfuta ya goge. Ya taɓa yi wa Mama hoto, ya share mata tamoji tas har ta ce ba ta gane matar ba. Hoton yana nan a falonta har yau, a inda kowa zai gani.

'Yarsa ta fari sunana aka sa mata, saboda haka duk gidan Takwara muke ce mata. Lokacin tana da shekara ɗaya da rabi, ga kumatu, ga faɗa. Uwarta kuwa har yanzu Amarya muke kiranta, ba wanda ya tuna ya sauya mata suna.

Na gyara wani lungu a shagona saboda yara, na sa ƙananan kujeru da 'yan kayan wasa, sai na ga bangon ya yi fayau. Na ce wa ƙanena ya wanko mini hoton Takwara babba in rataya. Ya yi ta ja mini rai, yau gobe, yau gobe, har ranar da na gaji na taka da kaina lokacin hutun rana, da niyyar in wanke shi tas.

Na same shi a gaban kwamfuta, ya ba ƙofa baya. Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Yaya, kafin ki fara, ga shi nan a kansa nake."

Takwara ce cikin 'yar riga rawaya, ta riƙe cokali kamar za ta rotse mai ɗaukar hoton. Ya jawo fuskarta ta cika kwamfutar. Tsakiyar idonta na dama ya yi ja, irin jan da filashi yake sa wa kowa. Na hagu kuwa fari ne, kamar an ɗiga madara a ciki. Ya danna jan ya koma baƙi. Ya danna farin shi ma ya koma baƙi. Hannunsa ya saba, ko kallo bai yi sosai ba.

Na ce, "Tsaya. Mayar da shi."

"Me zan mayar?"

"Yadda yake kafin ka taɓa."

Ya mayar. Farin ya dawo, yana kallona. Na dafa bayan kujerarsa.

"Filashi ne," in ji shi. "Jan ai kowa yana yi. Farin kuwa nata ne ita kaɗai, ja'irar, komai nata daban yake." Ya yi dariya.

Ni ban yi ba. Abin da ake fara koya mana ke nan a makaranta. Jan da masu hoto suka tsana shi ne alamar lafiya, haske ne ya shiga har bangon ido na ciki inda jini yake, ya dawo. In ya dawo fari, to wani abu ne ya tare hanya. Na shiga lissafa wa kaina abubuwan da kan jawo haka kamar mai haddar jarrabawa. Wataƙila yarinyar ta karkata ne hasken ya faɗa wani gefe, hakan yana faruwa. Wataƙila yanar ido ce, ana haihuwar yara da ita, ana cirewa. Na ukun na san sunansa sarai, na ƙi faɗa ko a zuciyata.

"Kana ajiye na asali? Waɗanda ba ka gyara ba?"

"Mai hoto yana zubar da na asali? Yaya, kin raina ni."

"Buɗe mini su, tun daga farko."

Ya buɗe. Ga ta jaririya cikin tawul, idanu biyu ja. Ga ta an jingina ta da matashi, biyu ja. Daga lokacin da ta fara zama da kanta, na hagun ya soma dusashewa, jan ya koma kamar an wanke shi. Ga ta tana rarrafe, ɗigo ya fito. Ga ta tsaye ta riƙe ƙafar kujerar gwal, ɗigon ya girma. Ta kalli dama fari, ta kalli hagu fari, ta kalli kyamara kai tsaye fari. Maganar karkata ta mutu ke nan, saura biyu.

"Tana ina yanzu?"

"Gida mana. Yaya, lafiya?"

"Kira Amarya ta kawo ta shagona."

"Yanzu? Ai tana girki."

"Ta sauke tukunyar. Ka kira ta na ce, ka tsaya kana kallona."

Ni mai faɗa ce, duk gidan an sani, don haka ba faɗan ne ya tsorata shi ba. Muryata ce ta yi rawa, kuma ya ji. Ya ɗauki waya.

Na koma shagona da sauri. Akwai wani dattijo da ke jiran karɓar tabaransa na karatu. Kullum sai na sa wa mutum a fuska, na duba zamansa a kan hanci, na lanƙwasa hannun ya dace da kunne. Ranar miƙa masa na yi cikin gidan tabarau kamar mai sayar da ashana, na ce in ya matse shi ya dawo. Yana fita na juya allon ƙofa.

Amarya ta iso da Takwara a kafaɗa, ƙanena a bayanta, Mama kuma a bayansu duka, ko da yake ba wanda ya gayyace ta. Tun daga bakin ƙofa ta fara. "Me kuma aka ce yarinya ta yi? Tabarau za ki maƙala wa 'yar da ko ruwa ba ta iya cewa ba?"

"Mama, zauna. Dubawa kawai zan yi."

Na sa Amarya ta zauna a kujerar gwaji da yarinyar a cinya. Ina da wani jan kifin roba mai ƙara da nake yaudarar yara da shi. Na kaɗa shi, Takwara ta miƙo hannu tana ɓangale baki. Na lura da yadda ta juya kai, ta tura ɓangaren dama gaba, tana kallon kifin a kaikaice.

Mama ta ce, "Kin gani ko, kallon kakanta ne sak. Shi ma haka yake kallon mutum ta gefe, kamar ana bin sa bashi."

Na sa tafin hannuna na rufe mata idon hagu. Ko a jikinta. Ta ci gaba da bin kifin, ta cafke shi ta kai baki. Na karɓe, na sake kaɗawa, na rufe na dama.

Jikinta ya sandare. Kifin yana gaban hancinta yana ƙara, ba ta miƙa hannu ba. Sai ta fara fizge kai, ta kama yatsuna da hannu biyu tana turewa, ta tsandara ƙara. Ba kukan shagwaɓa ba ne, na san nata. Kukan yaron da aka kashe wa fitila ne. Ina ɗauke hannuna ta yi shiru, ta nemi kifinta.

"Ba ta son a taɓa mata wannan gefen," in ji Amarya. "Tun da can haka take, ko wanka nake mata."

Na ce, "To."

Sai na ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido. Ta yi kuka, ta ɗora mini mari da ɗan hannunta, Mama ta ce ta yi mini daidai. Maganin ba ya aiki nan take, sai an jira wajen rabin awa. A aikina ba abin da na fi so kamar wannan jiran, lokacin nake shan shayi ina hira da mutane. Ranar kuwa ko shayin ban tuna ba. Na ɗauko akwatin gilasan gwaji na shiga goge su ɗaya bayan ɗaya, alhali da safe na goge su. Takwara ta sauka ta tafi lungun yara tana tura kujera. Ƙanena ya tsaya jikin bango, hannu cikin aljihu, idonsa a kaina. Mama tana ba da labarin wata maƙwabciya da ta sayi firji ya ƙi shiga ta ƙofa, ba wanda yake saurarenta, ita ma ina jin ba ta sauraren kanta.

Amarya ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Yaya, me kike nema?"

"Bari in gani tukuna."

"Ai wanda zai gani ya san abin da yake nema."

Na ci gaba da goge gilashi. A zuciyata addu'a nake yi, Allah Ya sa yanar ido ce kawai. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan roƙa wa yarinya yanar ido ba, amma ga ni ina roƙo da gaske.

Da lokaci ya yi na ja labule, na kashe wutar ɗakin, na ciro 'yar fitilar daga aljihun tebur. Amarya ta riƙe mata kai, ƙanena ya riƙe hannuwa. Na fara da na dama don in ba kaina ƙarfin gwiwa. Ja, tas, komai a wurinsa. Na koma na hagu.

Ba yanar ido ba ce. Ita yanar a gaba take zama, wannan can ciki yake. Wani dunƙule ne fari mai ɗan rawaya-rawaya, ya taso daga bangon idon ya cika fiye da rabin wurin, jijiyoyin jini sun hau kansa. A littafi na san shi, sai sau ɗaya da aka nuna mana muna ɗalibai, muka yi layi muna leƙawa. Na daɗe ina haskawa bayan na gama ganin abin da zan gani. Na san ina kunna wutar ɗakin dole in yi magana, kuma ban iya ba. Shekara da shekaru mafi munin labarin da nake ba mutum shi ne lambar gilashinsa ta ƙaru.

Na kunna. Su uku suka zuba mini ido.

"Akwai abin da ya tsiro a cikin idon hagu," na ce. "Ba ta gani da shi. Na dama lafiyarsa ƙalau."

"Abu kamar me?" in ji Amarya.

"Ƙari."

"Irin wanne?"

"Ba ni ce zan yanke ba, sai an yi hoton ciki a babban asibiti. Amma abin da na gani ya yi kama da ciwon daji na idon yara, kuma ba ya jira. In aka bar shi yana bin jijiya ya wuce ido."

Mama ta miƙe tsaye. "Ke, iya bakinki. Da bakinki za ki kira wa jikata wannan abu? Daga leƙawa da 'yar tocila?"

"Mama, da ma a ce ƙarya nake."

Amarya ta fizge 'yarta ta rungume, kamar ni ce ciwon. Ƙanena kuwa ya sulale ya zauna a ɗaya daga cikin ƙananan kujerun yara, gwiwoyinsa har kusa da haɓa.

Na ɗauki waya na kira wata 'yar ajinmu, likitar tiyatar ido ce a babban asibiti, kuma ita ce shugabar masu tsokanata. Tana ɗauka ta ce, "Likitar tabarau da kanta? An fasa gilashi ne?"

Na ce, "Farin ɗigo. Shekara ɗaya da rabi, ido ɗaya. Na buɗe na duba, na ga dunƙule. 'Yar ƙanena ce."

Wasan ya ɗauke daga muryarta. "Ku taho yau. Kar ku tsaya cin abinci, zan sa a jira ku a ƙofa."

Mun je. Aka kwantar da su, washegari aka yi wa Takwara allurar barci aka duba idanun biyu da kyau, aka sa ta cikin na'urar hoton kai. Mu kuwa muna barandar asibiti a kan dogon benci mai sanyi, muna kallon ƙofa ɗaya. Duk wanda ya fito cikin farar riga sai mu miƙe, ya wuce mu koma mu zauna. Ni da nake alfaharin ban san warin asibiti ba, sai da ya kama mini mayafi.

Ƙawata ta kira mu ofishinta, ta yi bayani a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Abin da na gani ne. Na dama ba abin da ya taɓa shi. Iya abin da hoto ya nuna, ciwon bai fita daga cikin idon hagu ba tukuna, amma ya yi girman da magani ba zai ceto idon ba. Hanya mafi aminci ita ce a cire shi, kuma cikin makon nan. Daga baya a sa mata na roba. Ta ce sai uba da uwa sun yarda, ta ba mu wuri mu yi shawara.

A nan aka yi ta. Muna komawa benci Amarya ta ce ba ta yarda ba. Ba ihu ta yi ba, da ma ihun ta yi da ya fi sauƙi. A natse ta ce za ta ɗauki 'yarta su koma gida. Mama ta ce akwai wanda ta ji ana yabo, yana ba da wani magani na ɗigawa, a gwada tukuna, ido ai ba haƙori ba ne da za a ce a cire wani ya fito.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Na ce, "Kowane mako kuka ɗauka kuna gwaji, shi ma yana tafiya. Yau ido ake magana. In ya wuce, ba ido za a yi magana ba."

"Yaya, ke ba ki haifa ba," in ji Amarya.

Ta soke ni, amma na haɗiye. Ba ranar da zan rama ba ce.

Ta zaro wayarta. "Ku duba. Ku duba mana. Wannan watan jiya ne. Wannan ranar da ta fara tafiya. Ina ciwon yake? Ido biyu baƙaƙe, lafiya lau. Ciwon da ya girma haka a ce bai taɓa nunawa ba? Kullum ina kallon hotunan nan." Tana turawa da yatsa, Takwara tana wucewa, hoto bayan hoto, kyakkyawa, ba tabo ko ɗaya. Mama ta leƙa tana gyaɗa kai.

Na san amsar, amma ba tawa ba ce. Na kalli ƙanena. Tun jiya bai yi magana mai tsawo ba, leɓɓansa sun bushe. Na ga ya sa hannu a aljihu ya daɗe bai fito da shi ba. Wallahi na tausaya masa, har na so in ce ya bari, zan nemo wata hanya. Ban ce ba, don babu wata hanyar.

Ya fito da tasa wayar. Ashe kafin mu taho ya kwashe na asalin ya zuba a ciki. Ya durƙusa a gaban matarsa, ya ɗora wayarsa kusa da tata a kan cinyarta. Hoto iri ɗaya, riga rawaya, cokali a hannu.

"Naki gyararre ne," ya ce. "Duk wanda na taɓa turo miki sai da na gyara. Ga yadda suke."

Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ya nuna," ya ce. "Tun tana koyon zama yake nunawa. Ni nake gogewa. Na ɗauka filashi ne."

Amarya ta ɗauki wayarsa ta shiga turawa baya. Ina kallon yatsanta. Farin yana raguwa, yana raguwa, har ta kai inda idanun biyu suke ja. Sai ta dawo gaba, yana girma. Ta yi haka ya fi sau nawa. Mama ta zauna a hankali ta ja mayafi ta rufe baki, ba ta ƙara maganar mai magani ba. Na jira Amarya ta zage shi, ko ta jefe shi da wayar, ni da a ce ni ce da na yi. Ba ta yi ba. Ta miƙa masa abarsa ta ce, "Tashi daga ƙasa, mutane suna kallo." Ta miƙe ta nufi ofishin ƙawata, ya bi ta.

Ranar aikin, bayan an shiga da Takwara, Mama ta ja Amarya sun tafi neman ruwan zafi. Muka rage ni da shi a benci. Ya daɗe yana murza murfin kyamara da ya samu a aljihunsa, sannan ya ce, "Yaya, in tambaye ki, kar ki lallashe ni. Da ban goge ba, da an ceto idon?"

Na so in ce a'a. Kalma ɗaya ce, kuma da ya samu barci. Amma ni na ga hotunan, na ga lokacin da ɗigon bai kai ƙwayar gero ba.

"Mai yiwuwa," na ce. "Ban sani ba tabbas, amma mai yiwuwa."

Ya gyaɗa kai, hawaye suna zuba, bai share ba.

"Kai ba a koya maka ba," na ce. "Ni aka koya wa. Yarinyar nan a bayana take barci duk ranar hutu, fitilar kuma tana aljihun tebur a kulle. In rabo za a yi, ka ba ni nawa." Muka ci gaba da kallon ƙofar har ta buɗe.

An cire. Binciken da aka yi wa idon ya nuna ciwon bai kai jijiya ba. Da ƙawata ta faɗa, sai na zauna a ƙasan ofishinta da farar rigata da komai. Ta ce, "Tashi, likitar tabarau, kin ceci rai kina zubar mana da mutunci." Mama kuwa yanzu in za ta gabatar da ni, "Ga 'yata likita" take cewa ta tsaya nan. Na ɗauka zan ji daɗin hakan fiye da yadda nake ji.

Takwara ta warke, an sa mata idon roba, in ba an gaya maka ba sai ka ƙura sosai. Faɗanta yana nan, ya ma ƙaru. Sai dai ba a ce mun gama ba. Irin wannan ciwo yakan leƙo a ɗaya idon, don haka ana mayar da ita asibiti a kai a kai, za a yi ta yi har ta girma. Ido ɗaya gare ta, duk gidan a kansa muke kwana muke tashi. Fitilar nan yanzu a jakata take zama, tare da makulli da man leɓe. Ba jaririn da zai shigo dangi ban haska shi ba, har an fara ɓoye mini yara.

Bayan wata da watanni ƙanena ya shigo shagona da wani abu babba naɗe cikin takarda. Hoton da na daɗe ina bi ne. Sabo ya ɗauka, Takwara a kan kujerar gwal, ta harɗe ƙafa. Idon hagu baƙi wuluk, don roba ba ta mayar da haske. Na dama ja jawur.

"Ban taɓa shi ba," ya ce.

Muka rataya shi a lungun yara. Masu zuwa gwaji sukan tsaya su kalla, wani ya ce, "Wane mai hoto ne wannan, ya bar wa yarinya jan ido haka? Bai iya aiki ba." In ce ƙanena ne, kuma ya iya. In da yaro a hannun mutum, sai in zaunar da shi in yi masa bayani, ko yana sauri.

Duk ƙarshen mako ƙanena yakan kai Takwara ɗaki mai duhu ya ɗauke ta da filashi ya turo mini. Ba ya rubuta komai, hoton kawai. Amarya ta gaya mini ba ya iya karyawa sai na amsa. Yau ma ina tsakiyar tambayar wata mata "Wannan ko wancan?" wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na ce ta yi mini haƙuri. Na juya baya, na buɗe, na ja hoton da yatsu biyu har idon ya cika fuskar wayar.

Na duba tsakiya, na duba gefe da gefe. Na rubuta masa, "Ja ne. Je ka ci abinci."